Yadda Ake Zaɓen Baƙin Mai na Sintetik da Yin Juye ga Mai Mota a Lambata

Motar da ta taso daga Suleja za ta Minna sai ta ratsa Lambata, a ƙaramar hukumar Gurara, kuma a nan ne hanyar Lapai da Agaie da Bida ta ɓalle. Wanda ya san garin ya san tireloli da tankokin mai da ke jeruwa a bakin titi, ya san cunkoson ranar kasuwa, inda inji ke ta aiki mota kuwa ba ta motsi. Ga ƙurar hunturu, ga zafin Maris da Afrilu, ga lodin doya da hatsi da ake danƙara wa Sharon da Golf har bayansu ya zauna. Waɗannan su ne abubuwan da ke gajiyar da baƙin mai tun kafin wa'adinsa ya cika. Gyaran inji a yau yana cin abin da direba zai yi watanni yana tarawa, don haka galan ɗin da kake zubawa ya cancanci ka tsaya ka duba shi da kyau.

Mataki na farko: tambayi motar, ba mai shago ba

Buɗe bonet ka dubi murfin da ake zuba mai. A yawancin motoci an rubuta lamba a kansa, kamar 5W-30 ko 0W-20. In babu, nemi littafin motar. In ya ɓace tun a Kwatano, ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta. Lambar nan ma'aunin kauri ce da ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ta tsara. Ta gaban harafin W tana nuna saurin gudun man idan inji ya kwana ya yi sanyi: ƙaramar lamba, saurin isa saman inji da safe. Ta biyun tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100, wato lokacin da mota ke tsakiyar aiki.

A nan ne gardama take. Za ka ji bakanike ya ce, "Oga, wannan ai ruwa ne, na ƙasar sanyi ne, zuba 20W-50 ka huta." Maganar tana da asali. A zamanin Fijo 504 da tsofaffin Datsun, ratar da ke tsakanin ƙarafan inji tana da faɗi, mai kauri ne ke cike ta. Injin Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Camry ɗin da ake kira Big Daddy da Muscle, ba haka aka ƙera su ba. Hanyoyin mai a cikinsu matsattsu ne, kuma na'urar VVT-i da ke daidaita buɗewar bawul da ƙarfin turin mai take aiki. Ka zuba musu mai kauri, da asuba sai ya yi jinkirin hawa, ƙarafa su yi 'yan daƙiƙoƙi suna gugar juna kusan a bushe. Ƙarar nan ta kar-kar da kake ji idan ka tada mota da safe, sau da yawa ke nan. Babban kaso na cinyewar inji a wannan lokacin yake faruwa, kullum, kaɗan-kaɗan.

Zafin gari kuwa bai kai zafin cikin inji ba. Ko a Lambata ko a Jamus, lafiyayyen inji yana aiki ne a wajen digiri 90. Idan littafin motarka ya ba da zaɓi ga ƙasashe masu zafi, misali 5W-30 ko 5W-40 ko 10W-40, ɗauki na saman cikinsu, musamman in kana lodi. Tsallakawa daga 5W-30 zuwa 20W-50 don kawai an saba, wannan ne ba na goyon baya.

Mataki na biyu: shin motarka za ta ci moriyar sintetik?

Baƙin mai na gargajiya daga ɗanyen mai ake tace shi, ƙwayoyinsa manya da ƙanana a gauraye, da sauran datti da tacewa ba ta cirewa duka. Na sintetik a masana'anta ake gina shi ko a sarrafa shi matuƙa har ƙwayoyinsa su daidaita. Jamusawa sun yi aiki a kansa sosai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don jiragen sama, amma sai a 1974 da Mobil 1 ya fito ya fara yaɗuwa a motocin gida. Yau akwai wanda ma daga iskar gas ake yin sa, kamar Shell Helix Ultra. Amfaninsa a zahiri: ba ya saurin tsinkewa idan zafi ya yi yawa, ba ya saurin ƙonewa ya bar dagwalo, kuma yana gudu da wuri da safe.

Karanta jikin galan a hankali. Wanda aka rubuta wa Fully Synthetic shi ne cikakke. Semi Synthetic haɗi ne, yana tsakiya a kuɗi da aiki. Akwai kuma masu rubutun Synthetic Technology, wanda kowane kamfani da abin da yake nufi da shi. Kada ka biya kuɗin cikakke a kansa ba tare da ka tabbatar ba.

Mota mai turbo, ko wadda murfinta ya ce 0W-20 ko 5W-20, ko kowace lafiyayyar mota daga shekarun 2000 zuwa yau da ke bin wannan hanya da lodi, sintetik ya dace da ita. Amma tsohuwar Golf da ke fitar da shuɗin hayaƙi ta salansa, tana shan lita kowane mako, ringinta ne ya mutu. Zuba mata mai tsada asarar kuɗi ce. A ci gaba da ba ta mai kyau na gargajiya, 15W-40 ko 20W-50, har a samu halin buɗe injin.

Mataki na uku: duba haruffan inganci

Ban da lambar kauri, nemi haruffan API. Na fetur suna farawa da S: SL ya fito a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020. Sabo yana maye gurbin tsoho, don haka motar da aka ce ta sha SL za ta sha SN ko SP lafiya lau. Ka ga galan mai SF ko SG, bar shi, zamaninsa ya wuce. Na dizal suna farawa da C, kamar CH-4 da CI-4 da masu manyan motoci suka sani. Masu Sharon da Golf da sauran motocin Turai su duba ACEA A3/B4 ko lambar kamfanin kanta, kamar VW 502 00 ga Sharon da Golf.

Wata gajeruwar magana ga 'yan acaɓa: kulocin Boxer a cikin mai yake wanka. Man mota na zamani mai rage santsi yana iya sa shi zamewa. Ku nemi wanda aka rubuta wa JASO MA ko MA2.

Mataki na huɗu: kauce wa jabu

Wannan ya fi duk sauran matakan muhimmanci, domin man gargajiya na gaskiya ya fi sintetik na jabu sau dubu. Masu wannan mugunyar sana'a suna sayen galan da aka yar, su cika shi da man da ba a sa masa sinadaran kariya ba, ko kwandem, wato tsohon man da aka juye, aka tace shi da tsumma, su liƙe murfi. Da ido ba ka rarrabewa, sai bayan 'yan watanni fitilar mai ta fara ƙyaftawa.

Saya a gidan man kamfanin da ya yi shi ko wurin dilan da ya naɗa, ko da kuwa sai ka shiga Suleja ko Minna. Akwai TotalEnergies da Mobil, akwai na gida irin su Conoil da Ammasco na Kano da Lubcon na Ilori. Abin nema shi ne na ainihi mai lambar da motarka ke so. Riƙe galan ɗin a hannunka. Zoben da ke ƙasan murfi ya kasance a haɗe, ba alamar gam ko narkewar roba. Lambar rukuni da ranar yi su fito sarai, ba a kankare ba. Kayan da aka haɗa a Najeriya suna ɗauke da tambarin MANCAP na hukumar SON. Rubutu mai dishi-dishi ko kuskuren haruffa alama ce. Farashin da ya faɗi ƙasa da na ko'ina ma alama ce. Araha ba ta ado. Man awo da ake ɗurawa a gorar ruwa a bakin titi kuwa, ba wanda zai iya gaya maka abin da ke ciki. Karɓi rasit, kuma a fasa murfin a gabanka.

Mataki na biyar: juyen kansa

Ko kai za ka yi ko bakanike, ka tsaya a wurin. A tanadi man, da sabuwar filta ta ainihi, da sabuwar washa ta notin ƙasa, da sifana (lamba 14 ce ke kama notin yawancin Toyota), da baho, da mazurari, da tsumma mai tsabta.

A tada mota ta yi minti biyar zuwa goma man ya yi ɗumi, sannan a kashe. A ajiye ta a wuri mai daidai, a ja birkin hannu. In za a ɗaga ta, kada kowa ya shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. A sa mata madogara mai ƙarfi ko a hau rami. A buɗe murfin sama, a kwance notin ƙasa, a bar man ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Yaran gareji suna da gaggawa, kai kada ka yi. Leƙa bahon da kyau. Baƙi ba laifi ba ne, aikinsa ya yi. Amma in ka ga ya yi kalar shayi da madara, ruwa yana shiga, a duba gaskit. In ka murza shi tsakanin yatsu ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe, metal ya fara ci. In yana warin fetur sosai, a duba filogi da injekta.

A cire tsohuwar filta, a tabbatar robar bakinta ta fito tare da ita, don takan maƙale a jikin inji. In sabuwa ta hau kanta, man zai tsiyaye a hanya. A shafa ɗan sabon mai a robar sabuwar, a ɗaura da hannu har ta zauna, a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a sa mata ƙarfe. Notin ƙasa ma a ɗaure shi daidai da sabuwar washa, ba tare da an hau sifana da ƙafa ba, don zaren kaskon yana cinyewa.

Zuba gwargwadon da littafi ya faɗa. Ƙananan motoci irin Corolla suna shan wajen lita 4, masu silinda shida sun fi haka. Kada a juye galan mai lita 5 gaba ɗaya don kada ya yi saura. Mai da ya wuce kima kumfa yake yi, ya matsa wa sil har ya fara yoyo. A tada mota, fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. A leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A kashe, a jira minti biyar, a zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa. Ya tsaya kusa da alamar sama, kada ya haura ta.

Idan wannan ne karon farko da tsohuwar mota za ta koma sintetik, haska tocila ta bakin murfi tukuna. In ka ga datti ya daskare kamar kwalta, kada ka yarda a wanke injin da kananzir ko dizal. Dattin na iya ɓallewa ya toshe rariyar famfon mai. Gara a sauke kaskon a wanke da hannu, sannan a yi juyen farko da wuri, a wajen kilomita 3,000, tare da filta. Masu cewa sintetik yana jawo yoyo, abin da suka gani shi ne sil da ya riga ya bushe, datti ne ya toshe shi, sabon mai ya wanke dattin. Sil ɗin za a canza.

Mataki na shida: yaushe za a sake?

Toyota tana ba wa motocinta masu 0W-20 na sintetik mil 10,000, wato kusan kilomita 16,000, a Amurka. Amma littafin nan dai ya ce in ana bin hanyar ƙura, ko jan kaya, ko yawan tsayuwa inji na aiki, a rage zuwa rabi. Halinmu ke nan kullum. Shawarata ita ce sintetik kada ya wuce kilomita 7,000 zuwa 8,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa. Na gargajiya kuwa 4,000 zuwa 5,000. Ka lura, motar da aka shigo da ita daga Amurka mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mil 5,000 a agogonta kilomita 8,000 ke nan. Direbobi da dama suna wuce wa'adi saboda wannan kaɗai.

Tsakanin juye da juye, duba geji kowane mako da safe, direban haya kuwa kullum kafin ya shiga tasha. Camry mai injin 2.4 ta 2007 zuwa 2009 an san ta da shan mai, masu ita su ƙara sa ido. In mai ya yi ƙasa a hanya kuma ba irin naka, ƙara kowane mai na gaskiya da ka samu. Haɗuwarsu ba ta lalata inji, rashin mai ne ke sa shi nokin. Jar fitilar mai ta kama kana tafiya, sauka gefen titi ka kashe nan take, ko da garin yana gabanka kana hangensa. Filtar iska kuma a duba ta a kowane juye, a hunturu ma fiye da haka, don ƙurar da ta wuce ta, a cikin mai take ƙarewa.

Kwandem ɗin da aka juye a tara shi a jarka mai murfi a ba masu saye. Kada a zubar a kwata ko a gona. Ruwan damina zai kwashe shi zuwa rijiyoyi da rafukan da ke gangarawa kogin Gurara. Kada a shafa shi a ciwon dabba ko na mutum, yana da guba, kuma a wanke hannu da sabulu. Rubuta ranar juye da lambar agogo da irin man a ɗan littafi ka ajiye a mota. Galan ɗin da ya ƙare kuma, sa wuƙa ka huda gindinsa kafin ka bar garejin, don kada gobe a cika shi da jabu a sayar wa wani direba.