Awa, Minti da Sakan a Cikin Kwamfuta

Duk shekara, in muka ce wa 'yan aji uku su mai da awa ɗaya da minti talatin zuwa lamba mai ɗigo, sai mun sami masu rubuta 1.30. Amsar kuwa 1.5 ce, gama minti 60 ne a cikin awa, ba 100 ba. A takardar jarrabawa maki biyu kaɗai za a rasa. Kwamfuta kuwa ba ta da jan biro, abin da aka ba ta da shi take aiki.

Mu lura, na'urar nan ba ta san awa ko minti ba, lamba tsurarta ta sani. A harshen Python, in muka sa 5 a umarnin sleep, sakan biyar za ta jira. A harshen Java wannan 5 ɗin milisakan biyar ne, watau kashi biyar cikin dubu na sakan. Ko mu Hausawa muna da irin wannan rikici: wani ya ce daƙiƙa yana nufin minti, wani kuma sakan. Shi ya sa muka guje wa kalmar a darasin nan.

Saboda haka, ɗalibai, mu riƙa sa ma'auni a cikin sunan da muka ba kowace lamba, kamar jira_a_sakan. Kafin tarawa ko ɗebewa kuma mu mai da kome ma'auni ɗaya: awa 2 da minti 15 su zama sakan 8,100. Inda ya yiwu, mu ƙirga da cikakkun lambobi, mu bar masu ɗigo.

Ga dalilin wannan na ƙarshe. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, sojojin Amurka sun kafa na'urar kakkaɓo makamai mai suna Patriot a Dahran, ƙasar Saudiyya. Agogonta yana ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin goma na sakan. To, kamar yadda 1/3 ba ya ƙarewa in mun rubuta 0.333, haka 1/10 ba ya ƙarewa a lissafin 0 da 1 na kwamfuta, dole a datse shi. Abin da ke zubewa a kowane ƙirge wajen sakan 0.000000095 ne. Wa zai damu da wannan?

Amma na'urar ta yi kimanin awa 100 a kunne. Ku ɗauki biro ku gwada: awa 100 ƙirge 3,600,000 ke nan, kuskuren ya taru ya kai sakan 0.34. Makamin Scud kuwa yakan wuce rabin kilomita a ɗan wannan lokaci. Ranar 25 ga Fabrairu na'urar ta nemi makamin a inda ba ya nan, ba ta harba ba, ya faɗa kan masaukin sojoji ya kashe 28. An riga an gano matsalar, an kuma rubuta gyaranta. Gyaran ya iso Dahran ranar 26 ga wata.