Tambaya da Amsa: Waƙar Raha Ita Ma Waƙa Ce?

TAMBAYA

 Ni matashi ne a Gummi. Muna da 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, mukan yi wasa a makarantu da lokacin Sallah, wani sa'in har Bukkuyum da Anka idan hanya na da lafiya. Nakan rubuta baitocin ban dariya a kan abin da ke faruwa da mu: wanda ya manta maganarsa a gaban jama'a, wanda gemunsa na auduga ya faɗo, da wanda ya fito a mijin wata a wasa har abin ya zame masa so na gaske. Ga ɗaya:

Jiya sarki nake ana mini gaisuwa,
Yau ga ni kan kabu-kabu ina zufa.

Kawuna ya ce shiririta ce, waƙar kirki sai ta wa'azi. Haka ne? In na ci gaba, ina zan kai su?

Wani matashi daga Gummi

AMSA

 Kawunka na da hujja, don rubutacciyar waƙar Hausa a hannun malamai ta girma, tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, kuma wa'azi da ilmantarwa ne aikinta na farko. Amma ka gaya masa cikin ladabi cewa Aliyu Namangi, mai Imfiraji, wanda ba a fi shi waƙar wa'azi ba, shi ne kuma ya yi Waƙar Keke. Aƙilu Aliyu, mutumin Jega da ke kusa da ku, ya cika diwaninsa Fasaha Aƙiliya na 1977 da wasa da harshe mai sa murmushi. Raha ba ta rage wa ɗayansu daraja ba.

Wasan naku ma ba baƙo ba ne. In azumi ya kai kwana 10 yara na fita tashe, suna kwaikwayon tsoho da malami da gwauro, kuma da waƙa suke yi. 'Yan kama na naɗa rawani su zauna kamar masu tafsiri, alhali duk karatun a kan tuwo da miya yake. A gidajen sarauta mata na wasan gauta, su kwaikwayi sarki da fadawansa. A rubuce kuwa, ɗan ƙasarku Abubakar Tunau Mafara ya fitar da Wasan Marafa tun 1949, kuma iyayenku sun sha kallon Idon Matambayi a talabijin ta Sakkwato. Saboda haka waƙa da dariya da kwaikwayo sun daɗe tare.

Yanzu ga baitinka. Tunanin ya yi kyau ƙwarai, don duk ɗan wasa ya san wannan hali: da dare a naɗa maka rawani, da safe ka fita neman na cefane. Amma amsa-amonka ya karye. Ɗangon farko ya ƙare da "wa", na biyu da "fa". Ka mai da shi "Yau ga ni kan kabu-kabu bakin kasuwa", ka ji yadda zai zauna. Waƙar raha ta fi ta wa'azi rashin yafe kuskure, don mai sauraron wa'azi yakan jure saboda darasin, amma wanda ya zo dariya in kari ya yi tuntuɓe shi ke nan ya juya. Ka riƙa rera kowane baiti da baki kafin ka rubuta na gaba. Ka taƙaita, baiti biyar zuwa bakwai sun isa, ka ɓoye abin dariyar sai ɗangon ƙarshe. Kada kuma ka goge Zamfarcinka don ka yi kama da Bakano; yadda mutanen Gummi ke magana a kasuwa, haka za su fi jin daɗin ji a waƙa.

Inda nake son ka natsu shi ne batun soyayyar. Akwai tazara tsakanin barkwanci da zambo. Barkwanci irin na taubasai ne, wanda aka yi wa ma yana dariya. Zambo kuwa jama'a na dariya, mutum ɗaya na kuka a ɗaki. Yarinyar da ta fito a wasanku ta riga ta ɗauki kasada. Tun da aka fara aiki da Shari'a a Zamfara a Janairun 2000 jama'a suka ƙara sa ido a kan haɗuwar maza da mata a dandali, kuma ba kowane uba ke barin 'yarsa ta shiga ba. Gummi ba Kano ba ce, kowa ya san kowa. In ka ce "mai wushirya da ta fito a matar sarki", ko ba ka ambaci suna ba ka riga ka nuna ta. Baitin zai shiga WhatsApp, ya isa kunnen dangin wanda ke neman aurenta, kuma magana zarar bunu ce. Kai za a yaba wa fasaharka, ita ce za ta rasa miji, ƙungiyarku kuma ta rasa amincewar iyaye.

To wa za a yi wa dariyar? Masoyin. Wanda ya haddace kalaman so na wasa ya je zance da su, budurwar ta ce ai ta ji su ranar Sallah. Wanda ya saki matarsa sau uku a dandali alhali ko kuɗin na-gani-ina-so bai tara ba. Ka sa waƙar a bakin "ni", ka haɗa siffofin mutane da yawa su zama mutum ɗaya da babu shi. Kafin ka fitar, ka karanta wa 'yan ƙungiyar duka, har da matan. In fuskar ɗaya ta canza, ka ajiye baitin.

Kada ka ji nauyin sa mutane dariya don ƙasar na cikin damuwa. Mutanen Anka da Bukkuyum sun binne yara a bala'in gubar dalma na 2010, ga 'yan bindiga sun hana noma da tafiya. Wanda ya sa su murmushi da abin da ba saɓo ba ya yi musu alheri.

Batun inda za ka kai su: a da, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka kafa a Zariya a 1939, ta daɗe tana buga waƙoƙin masu karatu, daga baya mujallu irin su Fim, da Ibrahim Sheme ya fara a 1999, suka buɗe fage ga labarin 'yan wasa. Yau takarda ta yi tsada. Ka fara rera su a dandalinku kafin a soma wasa, ka gwada aika wa jaridar Aminiya da gidajen rediyon Gusau, ka nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA a jiharku don samun masu gyara maka.

Ka gyara uku daga ciki ka sake turo mana. Ka gaida Kawu, ka fara karanta masa wadda ta fi tsabta.