Yadda A Ke Jawo Wa Injin Mota Iska Mai Sanyi

Babu wanda bai taɓa tsayawa a maƙera ya ga yaron maƙeri yana zuga ba. In ya saki zugazugi sai wuta ta kwanta, in ya kama kuwa sai ta tashi ja wur, alhali ko ƙwayar gawayi ba a ƙara ba. To, injin mota ma haka ya ke. Ƙarfinsa daga wuta ya ke fitowa, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. Abin da mu ke nufi mu bayyana cikin wannan darasi shi ne dalilin da ya sa iska mai sanyi ta fi wa inji amfani, da yadda mutum zai jawo masa ita da hannunsa ba tare da ya yi masa lahani ba.

Dalilin abin

Irin injin da ke cikin yawancin motoci, wani Bajamushe ne mai suna Nikolaus Otto ya daidaita shi cikin 1876. Fistan ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su ƙone su tura shi ƙasa, sa'an nan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami iska wajen kilo 14.7. Cikin iskar nan kuwa kashi 21 cikin 100 kaɗai wuta ke ci, watau abin da masana ke kira oksijin. Injin da cikinsa ke ɗaukar lita 1.6, in yana juyi 3,000 a minti, aka kuma taka totur har ƙasa, ya kan zuƙi iska kusan lita 2,400 cikin minti ɗaya.

Ita iska in ta yi zafi sai ta buɗe, in ta yi sanyi ta tsuke. Wani Bafaranse, Gay-Lussac, shi ya buga ƙa'idar wannan cikin 1802. Mun gwada a aji, kuma ko wane malami yana iya nuna wa yaransa. A ɗaura balan-balan a bakin kwalba wadda ba kome ciki, a tsoma gindinta cikin ruwan zafi, za a ga balan-balan ta miƙe. A mai da ita cikin ruwan randa, sai ta kwanta. Gani ya kori ji.

Akwati mai mita 1 tsawo, da faɗi, da zurfi, iskar da ke cikinsa kilo 1.20 ce in zafinta digiri 20 ne bisa ma'aunin Salshiyas. In ya kai digiri 50, sai ta koma kilo 1.09. Silinda kuwa girmanta ɗaya ne kullum, ba ta ƙaruwa. Ashe in ta cika da iska mai zafi, ta cika ne da mudun da ba a danna ba. Ƙarƙashin bonet kuma akwai lagireto mai ruwa wajen digiri 90, ga bututun hayaƙi da ya fi haka nesa ba kusa ba. Injin da ke shaƙar numfashinsa a nan tilas ya rage ƙarfi, balle da bazara.

Amma kada a zaci za a mai da jaki doki. Bisa lissafin injiniyoyi, in iska ta sauka da digiri 6, ƙarfin inji ya kan ƙaru da kamar kashi 1 cikin 100. Wanda ya rage digiri 30, ya sami kamar kashi 5 ke nan. Riba ce, amma ba mai yawa ba ce, sabo da haka ba ta isa a sa ran inji cikin hatsari dominta ba.

A fara da awo

Motocin zamanin nan da yawa, tun daga ma'aikata aka sa musu hancin shaƙar iska daga waje. Don haka kafin a kwance ko noti ɗaya, a nemo ma'aunin zafi mai doguwar waya, a ɗaure kansa daidai bakin da inji ke shan iska. A yi tafiyar minti 20, a rubuta abin da ya nuna, a kuma rubuta zafin iskar waje a inuwa. In bambancin bai wuce digiri 10 ba, shawararmu a rufe bonet a bar mota yadda ta ke. In ya kai 20 ko 30, to, aiki ya samu.

Kayan aiki

Bututun alminiyom, ko tiyo mai waya a ciki irin wanda ke jure zafi, faɗinsa kada ya gaza na bakin akwatin matatar iska, galibi inci 2½ zuwa 3. Guntun roba mai laushi na haɗi. Kilif mai noti guda 4. Farantin alminiyom na kāriya. Kwali, da almakashi, da zarto, da magagari, da sifana, da sukudireba. Kada araha ta ja mutum ga bututun roban nan na famfo, domin ba a yi shi don zafin da ya wuce digiri 60 ba, kusa da inji sai ya yi laushi ya lotse.

Yadda a ke haɗawa

Waɗansu su kan cire akwatin matata ɗungum, su ɗaura wata matata tsirara a bakin bututu. Mu ba mu yarda da wannan ba. In ba a killace ta ba, iskar bonet za ta sha, sai ƙara ta yi yawa, ƙarfi ya ragu. Bayan haka, a motoci da yawa da ba su da kafireto, akwai wata 'yar na'ura bayan matata mai auna iskar da ta shige, da ita a ke sanin fetur nawa za a saki. In aka sake mata mazauni sai awonta ya ɓaci. Hanyarmu ita ce a bar akwati da matatarsa da duk abin da ke bayansu, a yi aiki a gabansu kaɗai.

Na ɗaya, a bari inji ya huce, a cire wayar batir ta jikin mota. Na biyu, a cire tsohon hancin akwati a ajiye, ko wata rana za a so mai da shi. Na uku, a zaɓi wurin da sabon baki zai zauna, bayan ragar gaba ko gefen fitila, a gaban lagireto, ba bayansa ba. Na huɗu, a lanƙwasa waya daga nan zuwa akwati don a gane hanya da tsawo. Hanya ta zama gajera, kwana kaɗan, kuma kada kwanar ta yi tsini, don iska kamar ruwa ta ke, ba ta son a karya mata gudu. Na biyar, a yanke bututu, a goge bakinsa da magagari, a wanke shi tas, kada ɓarɓashin ƙarfe ya saura. Na shida, a haɗa shi da akwati da guntun roban nan, a ɗaure da kilif, a kuma kafe shi ga jikin mota, nesa da fanka da fambel. Na bakwai, in hanyarsa ta kusanci bututun hayaƙi, a yanka kwali ya yi daidai da tsakaninsu, a fitar da siffarsa a farantin alminiyom, a kafa, a bar ratar yatsa biyu.

Maƙiya biyu

Na farkonsu ruwa. Iska ta kan matsu, ruwa ba ya matsuwa. In bakin bututu ya nutse cikin kududdufi inji yana aiki, ruwa ya kai silinda, sai fistan ya hau ya tarar da abin da ya fi ƙarfinsa, sandan ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe ko ya karye nan take. Mun san wani direba da ya saukar da nasa bakin ƙasan bamba, wai can iska ta fi sanyi. Da damina ta faɗi ya ratsa wani kwari, motar da ya ke ci da iyalinsa da ita ta yi wata biyu a gareji. Garin neman gira ya rasa ido. Sabo da haka bakin ya tsaya sama, daidai fitila, a kuma huda 'yar ƙaramar ƙofa a inda bututu ya fi yin ƙasa, don yayyafin da ya shiga ya tsiyaye.

Na biyunsu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris hunturu ya kan kwaso ta daga Hamada, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Cikinta akwai ɓarɓashin yashi wanda ya fi ƙarfen silinda tauri. In ya wuce matata sai ya riƙa cin ringi da bangon silinda sannu sannu, har mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Bakin da ke fuskantar hanya kuwa ya fi na da kwasar ƙura, don haka a riƙa duba matata a kai a kai, in ta toshe a sake ta, kada a huda ta.

In an gama, a sake awon farko a hanyar nan dai, da irin lokacin nan, a gwama lissafin biyu. Bayan mako guda a buɗe akwati, a shafa farin ƙyalle a bayan matata. In ya fito fari, aiki ya yi kyau. In ya fito ja, akwai ƙofar ɓarna, kada a sake tafiya sai an toshe ta.

Ga tambaya ga 'yan'uwa masu karatu. Me ya sa direbobi ke cewa mota ta fi ja da asuba bisa ga tsakar rana? Wanda ya fahimci kwalbar nan da balan-balan ba zai sha wuyar amsawa ba. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.