Wa Ke da Ikon Sauya Hutun Makaranta Lokacin Annoba?

Tambayar ta fito ne daga wani mai sauraro a Mandera, jihar Sakkwato.

A Najeriya, gwamnatin jiha ce ke tsara kalandar makarantunta ta hannun ma'aikatar ilimi, amma idan annoba ta ɓarke, gwamnatin tarayya kan ba da umarni ga ƙasa baki ɗaya. A 2014, lokacin cutar Ebola, an ɗage komawa makaranta zuwa 13 ga Oktoba, daga baya aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba da cutar ta lafa.

Hutun annobar korona ya fi tsanani. Gwamnonin Arewa maso Yamma, har da na Sakkwato, sun rufe makarantu daga 23 ga Maris, 2020, da niyyar kwana 30, amma hutun ya zarce watanni. Jarrabawar WAEC da aka shirya farawa a Afrilu sai a 17 ga Agusta aka fara ta.

Ɗan ƙauye ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Jarrabawa ta faɗo tsakiyar damina, lokacin da ake buƙatar hannunsa a gonar gero, ga shi darussan da aka riƙa bayarwa ta rediyo da intanet ba kowane gida suka kai ba.