Farfaɗiya Ba Ta Hana Karatu Ko Aure

Farfaɗiya cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba shafar iskoki ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, har mutum 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa muddin suna shan magani a kan kari. Ashe ke nan babu hujjar cire yaro daga makaranta, balle fasa auren yarinya.

Idan ta tasar wa mutum, ko da a tsakiyar Kasuwar Wunti ne, kada a watse. A nisanta shi da wuta, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki. In ta zarce minti 5, a garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi.