Kafin Ka Ba Da Sautun Ram Daga Kaduna

Duk mai aikin kwamfuta a Birnin Gwari ya san kayan gyara ba a nan suke ba. Sai dai a je Kaduna, ko a ba direba sautu, ko a kira wani a Kano ya saya ya sa a mota. Tsakaninmu da Kaduna fiye da kilomita 100 ne, kuma kowa ya san abin da matafiya suka gani a hanyar dajin nan a shekarun baya. Ko yanzu da aka samu sauƙi, babu mai son yin sawu biyu a kan ɗan fallen ram ɗin da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Shi ya sa nake son magana da masu shagunan buga takardu na nan Magajin Gari, da malaman da ke haɗa wa ɗalibai kwamfutocin gwajin jarabawar JAMB, da samarinmu masu tara kuɗi don su haɗa tasu.

Abin da na fi ji a shago shi ne, "Injiniya, mai giga takwas nake so." To, giga ita ce tambaya ta ƙarshe. Ta farko ita ce: wane madabod gare ka, kuma wace furosesa ce a kansa? Su biyun ne masu yanke hukunci. Sashen da ke sarrafa ram a kwamfutocin yanzu yana cikin furosesa ne, shi kuma madabod shi ke da gurbin da za a soka shi. In ɗayansu ya ƙi, kuɗinka sun kwanta.

Ram iri-iri ne bisa zamani. DDR3 ya fito a 2007, na babbar kwamfuta yana da haƙora 240. DDR4 ya biyo baya a 2014 da haƙora 288. DDR5 ya shigo kasuwa a 2021, shi ma 288 ne, amma tsagar da ke tsakanin haƙoransa ba a wuri ɗaya take da ta DDR4 ba. Da gangan aka yi hakan, don kada wani ya shiga gurbin wani. In ka ga ram ya ƙi zama, kada ka sa ƙarfi. Gurbin za ka fasa, kuma gyaran gurbi ya fi ram ɗin tsada. Na laftof kuwa gajere ne, ba ya shiga babbar kwamfuta ta yau da kullum.

Sanin zamanin furosesa kaɗai ba ya isa. Furosesocin Intel na zubi na 12 da 13 da 14 suna aiki da DDR4 da DDR5 duka, amma kowane madabod ɗaya ya zaɓa, kuma yawanci a rubuce yake a jikin kwalinsa. A ɓangaren AMD, madabod mai soket AM4 DDR4 yake ci, mai AM5 wanda ya fito a 2022 kuwa DDR5 zalla. Ko a ƴan Beljiyam ɗin da suka fi yawa a hannunmu akwai wannan tarkon. Dell OptiPlex 3040 da 5040 da 7040 duk zubi ɗaya ne, kamanninsu ɗaya, amma biyun farko DDR3L suke ɗauka, 7040 kuma DDR4. Mutum zai ce wa mai shago "Dell ce, i5 zubi na shida," shi kuma ya ɗauko abin da ya ga ya dace, alhali babu wanda ya faɗi lambar da ta fi muhimmanci.

Inda nake so a fi natsuwa shi ne ƴar farar takardar da ke manne a jikin ram. Duk labarinsa yana nan. A ce ka ga an rubuta 4GB 2Rx8 PC3-12800U. PC3 na nufin DDR3 mai cin wuta bolt 1.5. In ka ga PC3L, wato DDR3L, mai bolt 1.35 ne, kuma kwamfutar da aka ƙera don PC3L, kamar yawancin laftof masu furosesa zubi na huɗu, ba lallai ta tashi da PC3 ba. Lambar 12800 gudunsa ne, wato 1600. Sai harafin ƙarshe, wanda shi ne ke cinye kuɗin mutane: U na babbar kwamfuta ne, S na laftof, R kuma na sabar ne, manyan injinan nan da ke ajiye bayanan kamfanoni.

Kwanakin baya wani dattijo mai shagon fotokwafi ya kawo mini kwamfutarsa tare da falle biyu naɗe a takarda. Ya ce, "Injiniya, yaron da na aika ya samo masu giga takwas-takwas da araha, amma tun da aka sa, sai kuka take, allon ko haske babu." Na juya fallen, na ga ƙarin ƴan ƙwayoyi a tsakiyarsa, takardar kuma ta ce PC3-10600R. Na ce, "Baba, wannan lafiyarsa ƙalau, amma ba na irin injinku ba ne." Ya shiga gurbin daram, domin haƙoransa da tsagarsa duk iri ɗaya ne da na gida, shi ya sa yake ruɗar mutane. Irinsu suna da yawa a kasuwa saboda daga tsofaffin sabobin ƙasashen waje ake kwancowa, kuma araharsu ce ke jan mai saye. Wanda ya sayar ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Abin ya dame ni ƙwarai, don na san kuɗin buga takardun makonni ne suka tafi.

Sai maganar yawa. Kowane madabod yana da iyakar abin da zai ɗauka, gaba ɗaya da kuma a kowane gurbi. Mai H61, misali, ba ya wuce giga 16. Tsofaffi irin G41 sau da yawa ba sa karɓar falle mai giga 4 sai mai ƙwayoyi a fuska biyu, wato 2Rx8. In kuma Windows ɗinka mai bit 32 ce, ko ka zuba giga 16 ba za ta amfana da fiye da kusan huɗu ba.

Ra'ayina, falle biyu masu giga 8 iri ɗaya sun fi falle ɗaya mai 16, musamman ga kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban, domin furosesa za ta riƙa ɗiba ta hanya biyu lokaci guda. A madabod mai gurbi huɗu, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikawa. Littafinsa zai tabbatar maka. Haɗa masu gudu daban-daban yakan yi aiki, amma duka za su koma gudun na ƙasa. Kada kuma ka biya kuɗin gudun da furosesarka ba za ta kai ba. Babban gudun da ake rubutawa a kwalin sababbin ram ba ya zuwa da kansa, sai an shiga BIOS an kunna XMP, ko EXPO a na AMD.

Abin da nake roƙo kafin kuɗi su bar hannu ba shi da wuya. Buɗe murfin, ka ɗauki hoton sunan madabod ɗin da ke rubuce a jikinsa, da hoton takardar tsohon ram ɗin, yadda za a iya karanta kowane harafi. In kwamfutar na tashi, manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta nuna maka duka. Ga sabon madabod, shafin kamfanin da ya ƙera shi yana da jerin ram ɗin da aka gwada a kansa. Tura wa mai sayarwa hotunan ta WhatsApp, shi ma ya turo maka hoton ainihin fallen da zai ba direba, ku kuma yi magana a kan canji tun kafin a biya.

Ran da kaya suka iso, cire wayar wuta daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa ram, balle da hunturu lokacin da jiki ke tara wutar da ke ƙona ƙwayoyi. Riƙe shi ta gefe, ka hure ƙurar gurbin, ka danna har maƙallan su kama. In DDR5 ne, tashin farko yakan ɗauki mintoci allo na baƙi, kada ka kashe. In ta tashi, bar MemTest86 ya zagaya shi tun wa'adin canjin bai ƙare ba.