Darasin Turanci: Yaushe Ake Sa "A", Yaushe Ake Sa "The"?

Darasinmu na wannan fitowa a kan 'yan ƙananan kalmomi uku ne, wato a, an da the, waɗanda ke cinye wa yaranmu maki a jarrabawar WAEC da NECO. Kada ki tsorata, kin riga kin san dokar a bakinki.

Saurari kanki: "Na sayi wata akuya a Kwanar Ɗangora. Akuyar ta haihu." Da farko kin ce wata akuya, don mai sauraronki bai san ta ba. Da kika sake ambatonta sai kika ce akuyar, don yanzu an san wadda ake nufi. To haka Bature yake yi: "I bought a goat. The goat has given birth." A da an su ne wani da wata, the kuwa ita ce wannan -r ko -n da muke liƙawa a ƙarshen suna.

Inda muke faɗuwa shi ne, Hausa ta yarda ki ce "ni malama ce" ba tare da wata ba, Turanci kuwa bai yarda ba. Sai dai "I am a teacher". Duba littafin 'yarki yau, ƙila ki tarar da "I am student".

Tsakanin a da an kuma, kunne ke yanke hukunci, ba ido ba. Ana cewa an hour don ba a furta h ɗin, amma a uniform, don da sautin "yu" ta fara.

Abin da ba a ƙirgawa, kamar shinkafa da ruwa, ba ya ɗaukar a. Babu a rice, sai a bag of rice. Haka shawara: an advice kuskure ne, ko da daga bakin mai digiri kika ji. Ki ce a piece of advice.

Sunan gari ba ya son the. Bebeji, Kiru, Doguwa, haka nan tsurarsu. Amma kogi yana so: ruwan da ke cika dam ɗin Tiga, the Kano River za ki rubuta. Abin da babu na biyunsa ma haka, the sun, the Qur'an.

Kafin fitowa ta gaba, ki juya wannan zuwa Turanci ke da yaranki: "Wata mata ta zo daga Tudun Wada. Matar ta kawo buhun masara."